Shafukan fasfona sun cika, zan iya ɓamɓare tsofaffin biza?

Wani ɗan kasuwa daga Sabon Garin Zariya ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan waya da fitilun sola. Ina zuwa Chaina saro kaya, wani lokaci in ratsa ta Dubai, ga kuma Kwatano da nake shiga ta mota. Fasfona mai shafi 32 ne, saura shekara biyu ya mutu, amma shafi ɗaya tak ya rage wanda ba a buga komai a kansa ba. Wani yaro mai shagon kwamfuta ya ce zai ɓamɓare mini tsofaffin bizar Chaina guda uku da tururi, shafukan su dawo fes. Wani kuma ya ce in je ofishin fasfo, ana ƙara shafuka. Sannan a fasfon maiɗakina akwai kuskuren harafi ɗaya a sunanta, ga shi muna da niyyar Umara da azumi. Mene ne mafita?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi, ya sa albarka a kasuwa. Na gode da ka tambaya tun fasfon yana hannunka lafiya lau, domin yawancin masu zuwa wurina da irin wannan magana sai bayan an gama ɓarna suke zuwa. Kada ka ba yaron nan fasfonka, ko da kyauta zai yi maka. Na shafe shekaru ina shirya wa mutane takardun tafiya a garin nan, daga mahajjata zuwa ɗalibai da malaman jami'a na Samaru da Kongo, kuma ban taɓa ganin fasfon da aka ɓamɓare wa biza ya yi ƙarshe mai kyau ba.

Abin da yaron bai sani ba shi ne, takardar bizar da ofishin jakadanci ke mannawa an ƙera ta ne da gangan don kada ta fita salin-alin. Gam ɗin da ke bayanta yana shiga cikin zaren takardar shafin. Ka tura ta da tururi ko ka bi ta da dutsen guga, za ta fita, amma sai ta tafi da fatar shafin, ko ta bar dabbare-dabbare, ko shafin ya yi kumburi ya daina kwanciya daidai da 'yan uwansa. Da idonka a cikin shago kana iya cewa ya yi fes. Jami'in da ke zaune a filin jirgi kuwa yana da fitila mai shuɗin haske wadda yake haska shafi da ita, zane-zanen ɓoye da aka saka a takardar su bayyana. Inda aka taɓa, zanen yakan dushe ko ya karye, ragowar gam kuma ya fito ɓaro-ɓaro. Ga wani abin da mutane ke mantawa: hatiman shiga da fita na tafiye-tafiyen nan uku suna nan a wasu shafukan. Jami'i ya ga ka shiga Chaina sau uku ka fita, ya duba bai ga bizar da ka shiga da ita ba. Me za ka ce masa?

Yage shafi ma haka yake, har ya fi muni. Fasfo ɗinkakke ne daga tsakiya kamar littafin rubutun 'yan makaranta, kowace takarda an naɗe ta biyu. Idan ka cire shafi daga gaba, abokinsa na baya ya saki ke nan. Kowane shafi da lambarsa, don haka ana ƙirgawa a ga 14 ta tsallaka zuwa 17, magana ta ƙare.

Mu koma kan doka. Kuɗinka ka biya, hotonka ne a ciki, amma littafin nan mallakar gwamnatin tarayya ne, amana aka ba ka. Dokar shige da fice ta 2015 ta lissafa laifuffukan da suka shafi fasfo, a cikinsu akwai sauya wani abu a cikinsa, ko taɓa shi ta haramtacciyar hanya, ko lalata shafukansa, da riƙe fasfo biyu masu rai na mutum ɗaya, da yin ƙarya don a sami fasfo. Hukuncin ɗauri ne ko tara ko duka biyun. Dokar ba ta ce sai wanda ya yi da mugun nufi kaɗai za a tsare a tambaya ba. Kai nufinka ka sami wurin da za a manna sabuwar biza, amma jami'in da ya ga alamar ɓamɓara abin da zai fara zuwa ransa shi ne kana ɓoye wani abu: an taɓa korar ka daga wata ƙasa, ko ka wuce wa'adin zama, ko an hana ka biza an buga maka alama. Irin mutanen da ke ɓamɓara ke nan a saninsa, kuma a cikinsu zai jera ka har sai ka wanke kanka. Wanke kai a ɗakin tambayoyi na filin jirgin wata ƙasa, ba ka jin harshensu, jirginka na gaba yana shirin tashi, ba abu ne da zan so wa maƙiyina ba.

Su ma masu yi don ɓoye tarihi, wahalar banza suke sha. Tarihin tafiya ya daɗe da barin takarda ya koma kwamfuta, an ɗaure shi da zanen yatsu. Ƙasashen Turai masu biza ɗaya, wato na yankin Shengen, suna ajiye bayanin duk wanda ya nemi biza, an ba shi ko an hana shi, tsawon shekara 5, kuma dukkansu suna gani. Ingila tana iya rufe wa mutum ƙofa shekara 10 idan ta kama shi da yaudara a neman biza. Amurka tata ta fi tsanani, haramcin na iya zama na har abada. Hana biza sau ɗaya ƙaramin tabo ne, mutane da yawa sun sake nema sun samu. Kama mutum da taɓa fasfo kuwa tabo ne da ke bin sa ko'ina.

Kafin ma ka kai ga jami'in wata ƙasa, akwai ma'aikatan kamfanin jirgi a Kano ko Abuja. Su ne suka fi kowa tsoron fasfo mai matsala, saboda idan suka ɗauke ka aka ƙi karɓar ka a can, kamfanin ake ci tara, kuma shi zai dawo da kai. Don haka ko shakka kawai suka yi, sai su ce ba za ka hau ba. Na san wani bawan Allah daga Tudun Wada da ya kwana a mota zuwa filin jirgi, da tikitinsa da bizarsa ta asibiti, aka mayar da shi daga kan kanta saboda shafin hotonsa ya fara ɗagowa ta gefe, shi kuma ya ga abin ba kyau ya bi shi da gam mai ƙarfi. Da ya bar shi yadda yake, wataƙila a ce tsufa ne. Gam ɗin ne ya mayar da shi abin tuhuma. Tikitin ya tafi, ranar ganin likita ta wuce.

Sai maganar ƙarin shafuka. Wanda ya gaya maka haka ya ji labari ne na da, ko na wata ƙasa. Amurka ta daɗe tana ɗinka wa 'yan ƙasarta ƙarin shafuka a cikin fasfo, amma ita ma ta daina tun daga 1 ga Janairun 2016, ta ce kowa ya karɓi sabon littafi. A Najeriya, fasfon lantarki da aka fara bayarwa a 2007 ba a ƙara masa shafi. Idan ya cika, ya gama aikinsa ko da saura shekara huɗu a jikinsa. Duk wanda ya ce maka ya san wani a ciki da zai ƙara maka takardu, kuɗinka yake so, kuma abin da zai miƙo maka fasfo ne da aka farke ɗinkinsa.

Mafita ɗaya ce, ka nemi sabon littafi. Cikar shafuka dalili ne da Hukumar Shige da Fice ta amince da shi, ba sai ka jira ranar mutuwar fasfon ta matso ba. Za ka cika fom a shafin hukumar na intanet da lambarka ta ɗan ƙasa, wato NIN, ka biya kuɗin ta can, ka zaɓi ofishi da ranar da za ka je a ɗauki hotonka da zanen yatsu, ka tafi da tsohon fasfon. Ka biya da kanka ko a gabanka, ka riƙe rasit. 'Yan kamashon da ke tare mutane a bakin ƙofa su ne ke ninka kuɗi, kuma rabin kurakuran suna da nake gani daga hannunsu suke fitowa, domin su cika fom suke yi da sauri su kama na gaba. Shekara biyun da suka rage a tsohon sun tafi, ba a ɗora maka su a kan sabo, wannan sai haƙuri.

Littafi iri biyu ne yanzu a ingantaccen fasfon da aka fito da shi a 2019, mai shafin hoto na roba mai tauri: akwai mai shafi 32 na shekara 5, akwai mai shafi 64 na shekara 10. Daga 1 ga Satumban 2025 kuɗinsu a cikin gida ya koma naira 100,000 da naira 200,000, ninkin yadda yake a shekarar da ta gabace ta. Idan ka yi lissafi irin naku na 'yan kasuwa, za ka ga kuɗin kowane shafi ɗaya ne, babu rangwame. Ribar babban tana wani wuri. Kai da ka cinye shafi 32 a shekara uku, ƙaramin zai sake mayar da kai layi nan da shekara uku, watakila a kan sabon farashi, kuma duk sauyin fasfo yana nufin sauyin lamba, sai ka bi duk inda ka ba da tsohuwar ka gyara. Ni dai mai shafi 64 zan ce ka ɗauka. Wanda tafiyarsa ba ta wuce Hajji sau ɗaya da Umara jefi-jefi ba, ƙaramin ya ishe shi ta fuskar shafuka, sai dai idan shekarun yake so. Ka kuma sani, ba duka 32 ɗin ne na biza ba, wasu shafukan na bayanai ne, shi ya sa yake saurin cika fiye da yadda mutum ya zata.

Shafi ɗayan da ya rage maka kada ka dogara da shi. Bizar Chaina kaɗai shafi guda take cinyewa, sannan a nemi wurin hatimi. Ƙasashen Shengen sharaɗinsu a rubuce yake: shafi biyu fanko aƙalla, fasfon da bai wuce shekara 10 da bayarwa ba, wanda kuma zai kai wata uku da rai bayan ranar da za ka baro su. Indiya, inda mutanenmu ke yawan zuwa asibiti, ita ma shafi biyu take nema. Ƙasashe da dama, har da Saudiyya da Chaina da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suna so fasfo ya kasance da sauran wata shida. Fanko kuma a wurinsu yana nufin fanko. Shafin da aka buga wa ɗan hatimi guda a lungu ya tashi daga fanko, ko da sauran wurin yana da yawa.

Na san abin da ke hana mutane da yawa sabuntawa, tsoron rasa bizar da ke da sauran rai a tsohon littafi. Idan an ba ka sabo, ana soke tsohon, a huda shi ko a buga masa alamar sokewa, a mayar maka. Ka gaya wa jami'in tun farko cewa akwai biza mai rai a shafi kaza, don a kiyaye ta. Soke fasfo bai kashe bizar da ke cikinsa ba a wurin ƙasashe da yawa. Amurka ta faɗa ƙarara cewa mutum ya riƙo littattafan biyu, tsoho mai biza da sabo mai rai, matuƙar na ƙasa ɗaya ne kuma bizar ba ta lalace ba. Ta kuma yi gargaɗi cewa duk wanda ya ɓamɓare bizar daga tsoho ya manna a sabo, ya kashe ta da hannunsa. Ingila ta koma bizar lantarki, don haka mai izinin zama a can abin da zai yi shi ne ya shiga asusunsa na intanet ya saka lambar sabon fasfo kafin ya tashi. Bizar da aka turo maka ta waya ko ta imel, irin ta Dubai ko ta Umara, a ɗaure take da lambar fasfon da aka nema da shi. Saboda haka tsarin shi ne fasfo tukuna, sannan biza, sannan tikiti. Idan bizar mai rai ta wata ƙasa ce dabam, ka tambayi ofishin jakadancinta kai tsaye kafin ka sayi tikiti, domin kowace da nata tsarin. Littattafan biyu kuma ka haɗa su da robar ɗaure kuɗi kawai. Kada a bi su da ƙarfen maƙala takardu, kada a manne su.

Wani zai ba ka shawarar ka ce fasfon ya ɓata, ka yi rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda, a ba ka sabo, ka riƙe biyu. Kada ka soma. Rantsuwa ce a kan ƙarya, wannan kaɗai ya isa Musulmi ya ja baya. Bayan haka, lambar fasfon da aka ce ya ɓata tana shiga rumbun 'yan sandan duniya na takardun da suka ɓata ko aka sace, ranar da ka miƙa shi a wata iyaka kwamfuta za ta nuna kana riƙe da fasfon sata. Wannan ya shafi har wanda nasa ya ɓata da gaske, ya kai rahoto, daga baya ya tsince shi a aljihun tsohuwar babbar riga. Wancan littafin ya mutu, kada ya sake tafiya da shi.

Yanzu fasfon Hajiya. Kuskuren suna ya zama ruwan dare a wurinmu saboda sunayenmu na Larabci ne da ake rubutawa da boko yadda kowa ya ga dama. Mutum ɗaya zai zama Muhammad a takardar firamare, Mohammed a banki, Muhammadu a katin zaɓe. Khadija ta zama Hadiza, A'isha ta zama Aishatu. Wata a wata takarda sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wata sunan miji, a wata kuma Zariya ko Zazzau. Ko ma wane iri ne nata, biro ba zai gyara shi ba, reza ma haka. Dubi ƙasan shafin hotonta, za ka ga layi biyu na haruffa da lambobi da wasu alamomi masu kama da kan kibiya, kowane layi gurbi 44. Waɗannan na'ura ke karantawa, bisa tsarin da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta shimfiɗa wa kowace ƙasa. Sunan yana nan a ciki, lambar fasfo da ranar haihuwa da ranar mutuwar fasfo kuma kowace tana da lambar tantancewa da ake lissafowa daga ita kanta, ta yadda idan aka sauya ɗaya lissafin ba zai tashi ba. Sannan duk bayanin nan da hotonta suna cikin 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da aka binne a jikin littafin. Ka gyara na sama da hannu, na ƙasa da na cikin ƙwaƙwalwar su ƙaryata ka nan take.

Abin da za ku fara yi shi ne ku ɗauko takardarta ta NIN ku gwada da fasfon harafi da harafi. Yanzu daga bayanan NIN ake ɗauko sunan da za a buga a fasfo. Idan kuskuren daga can yake, sai an fara gyarawa a hukumar katin ɗan ƙasa, gyaran ya hau, kafin ofishin fasfo su saurare ku. Idan NIN daidai take, fasfon ne ya kauce, sai ku nemi gyaran bayanai a Hukumar Shige da Fice, da takardun da ke nuna sahihin sunan. Canjin suna na gaske, kamar na aure, yana buƙatar takardar aure da rantsuwar kotu da sanarwa a jarida. Ko wanne ne, sabon littafi za a buga mata, kuma ya fi sabuntawa ta yau da kullum ɗaukar lokaci saboda sai an amince da gyaran. Ranar haihuwa ita ce mafi wuyar sauyawa, wanda duk ya rage shekaru a wata takarda ya san da haka.

Ga ra'ayina a kan Umarar. Idan harafi ɗaya ne, irin a ce an rubuta Fatimah maimakon Fatima, hoton nata ne, ranar haihuwa daidai, kuma azumi ya matso, ban ga dalilin fasa tafiya ba. Ku sa ejan ɗinku ya nemi biza ya yanki tikiti da sunan kamar yadda yake a fasfon, da kuskurensa da komai. Abin da ake dubawa a filin jirgi shi ne fasfo da biza da tikiti su zo ɗaya. Inda ake shiga uku shi ne mutum ya ce a rubuta masa sunan "daidai" a tikiti alhali fasfo ya saɓa. In kun dawo lafiya sai ku bi gyaran a tsanake, domin ranar da za ta nemi bizar da ake haɗawa da takardun banki da na aure, harafin nan zai iya tsaya mata. Ranar ɗaukar zanen yatsu kuma ka ce mata ta haƙura da lalle a kan yatsu, baƙin lalle musamman, yana hana na'urar kamawa, na ga amare sun yi sawu biyu saboda shi.

Akwai ƙananan abubuwa da ake yi wa fasfo ba da nufin komai ba, amma duk taɓawa ce. Rubuta lambar waya ko lissafin kaya a shafin baya. Yaro ya samu biro ya yi zane. Maƙala katin rigakafin shawara da ƙarfe a jikin shafi. Kai shi shago a rufe shafin hoto da leda don kada ya jiƙe, wanda zafin injin kaɗai ya isa ya lalata shi. Hatimin tunawa da ake buga wa masu yawon buɗe ido a wasu wurare, kamar Machu Picchu ta ƙasar Peru, wanda ba na hukumar shige da fice ba ne, shi ma ya jawo wa mutane matsala. Sitikar da ejan ko kamfanin jirgi ke liƙawa a bangon waje, irin wadda mahajjata ke dawowa da ita, ba ta da laifi, ana iya cire ta a hankali idan tana fita ba tare da ta ɗauko launin bangon ba. Idan ta yi gardama, a bar ta. Wanda ruwan damina ya jiƙa, ko aka wanke a aljihu, ko gara ta taɓa, ya kai shi ofishin fasfo yadda yake a nemi canji a matsayin lalatacce, kada ya ce zai gyara a gida.

Tunda kana shiga Kwatano ta mota, ina kyautata zaton iyakar Seme ce ta cinye maka rabin littafin, domin kowace shiga da fita hatimi huɗu ne, biyu namu biyu nasu. Idan sabon ya zo, ka nemi takardar tafiya ta ECOWAS a Hukumar Shige da Fice, ka riƙa amfani da ita a Binin da Togo da Gana, ka adana fasfon don tafiyar jirgi. A filin jirgi kuma babu laifi ka buɗe wa jami'i shafin da ke da sauran wuri, ka roƙe shi cikin ladabi ya buga a nan. Wani zai yi, wani zai buɗe sabon shafi fil ya dangwala a tsakiya yana kallon ka, ba ka da ta cewa. Hatimin ma a hankali yana raguwa, ƙasashen Shengen sun fara maye gurbinsa da rajistar kwamfuta tun 12 ga Oktoban 2025.

Ka fara da duba NIN ɗinku ku biyu a makon nan, kada ka biya kuɗin wata biza ko tikitin Chaina sai sabon littafin ya shigo hannunka. Tsohon kuma idan an soke an ba ka, ka sa shi a leda ka ajiye inda ruwa da gara ba sa kaiwa, bizar Chainan nan uku da yaron ke son ɓamɓarewa su ne shaidar da wani ofishin jakadanci zai nema gobe don ya ga kana zuwa kana dawowa. Allah ya kai mu azumin lafiya, a gaida Hajiya.